Ba a Cinikin Biri a Sama: Magana Kan Musayar Jitar Bas

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gidigir, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Gure, ya san yadda ake sayen sa. Ba a tambayar sunan da makiyayi ya raɗa masa. Dillali zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya leƙa kofato, ya sa a kora shi ya taka a gani ko yana ɗingishi. Sai an gama wannan ake tayawa, a ce albarka, a ƙara, a sallama gaban shaidu, a ba da la'ada. Abin takaici shi ne, jikokin waɗannan mutane, matasan da ke kaɗa jita a wuraren biki, sun yi watsi da wannan tarbiyya. Su dai su ga suna a kan katako, shi ke nan hankali ya tashi.

Ba da ka nake magana ba. Ɗan ƙanena yana kaɗa bas a wata ƴar ƙungiya. Yana da Yamaha tsohuwa, fenti ya goge, amma wuyanta a miƙe yake, muryarta garau. Wani ya aiko masa da hoton wata bas ta WhatsApp, an rubuta mata Fender, ya nemi musaya da cikon jika 30. Yaro ko shawara bai yi ba. Da kaya suka iso, sai ga wuya ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiyoyi sun yi nesa da katako har yatsa ba ya iya danne su, sunan kuwa liƙa shi aka yi. Ya ba da abin da ke ciyar da shi, ya karɓi abin ratayewa a bango.

Ba na zargin matasa don suna musaya. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabon kayan kiɗa na waje ya fi ƙarfin talaka, kuma furfure tsohuwar hanya ce ta ciniki a ƙasar nan. Abin da nake suka shi ne ma'aunin da suke amfani da shi.

Mai karatu ya kamata ya san abin da sunan nan ya ƙunsa. Leo Fender ya fito da bas ɗinsa ta farko, Precision, a Kalifoniya a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960. Yau kamfanin yana ƙera wasu a Amurka, wasu a Meziko, sa'annan tun 1982 yana da masu araha da ake kira Squier, waɗanda ake yi a ƙasashen Asiya. Duka halattattu ne, amma tsakanin kuɗinsu akwai tazara mai yawa. Bayan su akwai ta jabu, wadda ba ta da alaƙa da kamfanin ko kaɗan. To, wanda bai iya rarrabe waɗannan huɗun ba, da me ya dogara da ya ba da ciko?

Za a ce mini suna yana riƙe daraja, in an tashi sayarwa ba a faɗuwa. Gaskiya ne, amma a ina? A Paris ko Legas, inda akwai masu kuɗi da masu gyara. A Gidigir, darajar bas ita ce aikin da za ta yi daren Asabar. Hunturunmu yana busar da katako har ya tsuke, bakin ƙarafunan da ke jere a wuya su fito suna yankar hannu. Ƙura tana shiga maɓallan sauti. Idan tsirkiya ta tsinke, sai an aika Damagaram, ko Kano, ko Yamai. Jitar da ta yi shekaru tana jure wannan yanayi ta riga ta ci jarrabawa, wadda baƙuwa ba ta zauna ba tukuna.

Saboda haka a duba bas kamar yadda ake duba sa. A ɗaga ta a hangi wuyan daga kai zuwa gindi. In ya ɗan lanƙwasa, akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake murɗawa ya miƙe, sai a tabbata tana juyawa. In kuwa wuyan ya murɗe ne, a ce albarka a wuce. A danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, a saurari ko tana zuza. A jona ta da amfili, a juya kowane maɓalli, a ji ko akwai ƙara. In mai aiki da batir ce, a buɗe gidansa a duba tsatsa. Daga nan a yi lissafi: nawa kowace za ta kawo da tsabar kuɗi yau, nawa gyaranta zai ci? Bambancin da ya rage shi ne ciko na gaskiya, ba abin da mai bakin zaƙi ya yanka ba.

Wasu kuma za su ce kunya ce ka gwada kayan aboki. Wannan kunya ta raba zumunci fiye da yadda ta haɗa. Gwajin rabin awa a gaban wani makaɗi na uku ya fi gabar shekara. Shi kuma mai ɓoye aibi yana taƙamar ya iya ciniki, ya koma makarantar zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu ke karantarwa, ta hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Musaya ciniki ce, hukuncin bai ware jita ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an gaya masa rariya ce.

Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ya zagaya duniya da kiɗansa, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar keke. Daga baya ya riƙe Fender ta gaske, amma hannun ya riga sunan zuwa. Ina kira ga manyan makaɗa na Damagaram da Gure su zama dillalan wannan sana'a: kada a yi musaya sai an jona, an kaɗa, an faɗi aibi, akwai shaida. Matasa kuma su daina jin nauyin cewa albarka. Iyayensu ba su taɓa sayen sa a hoto ba.