KYAMARAR MILIYAN BIYU BA TA SAN HANYAR BAGEGA BA



Wannan makon za mu ɗan kauce daga alƙalami mu leƙa ƙanwarsa, wato kyamara, domin da yawa a cikinmu suna haɗa biyun. Akwai wata muhawara da ta kama samarin Anka da Gummi da Bukkuyum masu sha'awar ɗaukar hoto, wadda ba ta ƙarewa: Sony ta fi ko Canon? Wacce ta fi saurin kama ido? Wane gilashi ne ya fi narkar da bayan mutum? Za ka ga yaro ya haddace lambobin kyamarori kamar karatun allo, yana musu har jijiyar wuya ta tashi, amma ka ce ya nuna maka hoto goma na unguwarsu sai ya ce yana jiran ya sayi marar madubi tukuna. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: wannan jira asara ce, kuma garuruwanmu ne suke biyan kuɗinta.

Bari mu fara ba na'urar haƙƙinta, kada a ce ƙyashi ne. Tsohuwar kyamara mai madubi tana da wani madubi a cikinta da ke juya haske zuwa idon mai ɗauka, da wata 'yar na'ura daban a ƙarƙashinsa da ke auna saiti. Wuraren saitin kaɗan ne, kuma sun taru a tsakiya. Marar madubi ta cire wannan madubin, ta mayar da aikin auna saiti kan sensa, wato faifan da ke karɓar hasken hoton. Wasu ƙwayoyi a kan faifan suna kwatanta hasken da ya shigo ta gefe biyu na gilashi, daga bambancinsu kyamara ta san inda za ta tura gilashin da kuma nisan da za ta tura shi. Sannan aka ƙara mata manhajar da aka horar da ɗimbin hotuna har ta iya gane fuska da ƙwayar ido, ta bi su duk inda suka juya. Panasonic ce ta fara fito da kyamara marar madubi a 2008. Sony ta kawo A7 mai babban faifai a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu a 2018. A wannan shekarar ce Sony A7 III ta fito da wuraren saiti 693. Fasaha ce ta gaske, babu mai musu.

To, sai a zo ga kuɗi. An fitar da A7 III a kan dala 2,000, gangar jiki kawai, babu gilashi. Tun 2024 dala ta zarce naira 1,000, ke nan ana maganar abin da ya haura naira miliyan biyu. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Mai karɓar wannan albashi sai ya tara na fiye da shekara biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe gangar jikin, sannan ya fara neman kuɗin gilashi. Hausawa suka ce in ba ka da gashin wance, kada ka yi kitson wance. Masu tallata waɗannan kaya a YouTube da TikTok sana'arsu ke nan, da yawansu kamfanoni ne ke aiko masu kayan su gwada. Ba su san zafin Afrilu a Daki Takwas ba, ba su san a kwana uku babu wuta ba.

Ga kuma abin da masu tallar ba sa faɗa wa ɗan Zamfara. Na farko, batir. Marar madubi tana kunna faifanta da allonta duk lokacin da take aiki, don haka tana shan caji. A ma'aunin kamfanoni, A7 III tana ɗaukar hoto wajen 700 a caji ɗaya, alhali Nikon D3500, ƙaramar mai madubi ta 'yan koyo, tana kai 1,550. Ga wanda ke kai batir shagon caji, wannan lissafi ya fi wuraren saiti 693 muhimmanci. Na biyu, ƙura. A yawancin marasa madubi, da zarar ka cire gilashi faifan yana nan tsirara, babu madubin da zai tare masa. Ka canza gilashi a bakin kasuwa lokacin hunturu, ka ga ɗige-ɗige a duk hoton da ka ɗauka bayan nan. Na uku, gyara. In ta lalace sai ka nemi mai gyara a manyan birane, kuma kowa ya san yadda hanyoyinmu suke.

Sannan mu tambayi kanmu: wace matsala ce wannan saurin saiti yake warwarewa? An yi shi ne domin ɗan ƙwallo mai gudu, da tsuntsu a sama, da wurin da haske ya yi ƙaranci. Mu kuwa abin da Allah Ya hore mana shi ne rana. Da hantsi a Gummi, in ka tsuke ƙofar gilashi zuwa f/8, mutum da abin da ke bayansa duk za su fito tangaran, ko da kyamarar ta shekara goma sha biyar. Matsalar hotonmu ta haske ce: rana tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido, farar riga tana ƙonewa, baƙar fuska tana nutsewa. Maganin wannan ba ya cikin kanti. Ka tsayar da mutum a bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ko a inuwar darbejiya, ko ka jira la'asar sakaliya. Wanda ya san wannan da wayar Tecno a hannunsa zai kayar da wanda bai sani ba ko da me ya rataya a wuya.

Mun san abin da za a ce: ai mai ɗaukar biki da hawan Sallah yana bukatar saurin saiti, doki a sukuwa ba ya jira. Gaskiya ne. Wanda hoto ya zama sana'arsa, yana samun aikin da zai mayar masa da kuɗinsa, ya saya, Allah Ya sa albarka. Maganarmu da mai sha'awa ce, ɗalibi ko malamin firamare ko marubuci, wanda aka sa wa rai cewa sai da kayan miliyoyi zai fara. Shi wannan, mai madubi ta hannu da gilashinta na 18-55 sun ishe shi kasuwa da gona da taro. In ya samu sarari ya ƙara gilashin 50 mai f/1.8 domin hoton fuska, wanda Canon ta fitar da nata a 2015 a kan dala 125. In babu ko ɗaya, wayar da ke aljihunsa ta isa a fara. Da babu gara ba daɗi.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da ƙaramar Kodak Brownie da aka ba shi kyauta a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya yi ta bin samarin Bamako wuraren shagalinsu, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A nan gida, J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hoto wajen dubu, ya adana salon da yawa ya ɓace daga kawunan mata. Sun kafa sunansu ne tun kafin Minolta ta fito da kyamarar da ta yaɗa saitin kai-da-kai a 1985. Da yatsa suke murɗa gilashi. Abin da suke da shi shi ne sun san mutanensu, mutanensu kuma sun yarda da su.

Yanzu mu zo inda ƙaya ta soke mu. Ka rubuta Anka ko Bukkuyum a intanet ka duba hotunan da za su fito. A 2010 ne aka gano gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Hotunan da duniya ta gani, baƙi ne suka ɗauki mafi yawansu: ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da 'yan jarida, da irin su Marcus Bleasdale ɗan Ingila da ya yi wa Human Rights Watch aiki. Mun gode masu, domin hotunan sun taimaka wajen matsa lamba har aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013. Bayan wannan sai hotunan hare-haren Janairun 2022, da na 'yan gudun hijira a Anka, da na ambaliyar Gummi ta Agustan 2024, da na kifewar kwale-kwalen manoma a wata mai bi masa. Duk gaskiya ne, duk sun faru a kanmu. Amma baƙo yana zuwa ne ranar masifa, ya koma kafin magariba. Wa zai ɗauki Bagega ranar suna? Wa zai ɗauki masunta a bakin gulbi, da maƙera, da layin hatsi a kasuwar Nasarawar Burkullu, da saukar Alƙur'ani, da dattijon da ya san tarihin fadar Sarkin Zamfaran Anka a kansa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda ɗakin yake da kyau.

Fati Abubakar ta yi wannan a Maiduguri. Ta fara shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta san Barno da komai ba sai bom, tana sa hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, da ɗan bayanin kowa a ƙasa. Ba a tuna ta da sunan kyamararta.

Akwai ma wata illa a cikin salon da ake yayi. Abin da samari ke nema a gilashi mai tsada shi ne ya kama ido ya narkar da duk abin da ke baya. Sai ka ga hoton da aka ɗauka a Gummi, amma babu Gummi a ciki: rumbun ya narke, katangar ƙasa ta narke, zanen ƙofar gida ya narke, an bar fuska a cikin hazo kamar an ɗauka a Dubai. Nan da shekara talatin jikan mai hoton zai so ya ga yadda gidan kakansa yake, sai ya tarar an biya miliyoyi an goge masa shi. A yankin da ake tashin ƙauyuka dare ɗaya, abin da ke bayan mutum a hoto watakila shi ne kaɗai shaidar da za ta rage cewa an taɓa zama a wurin. Na'ura ta san ido. Ba ta san cewa turmin da ke gefe shi ne labarin ba, sai mai riƙe da ita ya sani.

Dole kuma a faɗi maganar tsaro ba tare da kwana-kwana ba. A inda ake zargin kowa da zama ɗan leƙen asiri, doguwar kyamara a wuyan baƙon fuska tana iya jawo masa abin da bai shirya ba. Ƙaramar kyamara ko waya a hannun ɗan gari da aka san iyayensa ta fi shiga ko'ina. Amma ko da waya, akwai iyaka. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro ko wurin 'yan sa-kai. Kada a sa fuskar wanda ya ba da labarin da zai iya jawo masa ramuwa. A kashe alamar wuri a saitin waya, domin hoto yana iya ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi. A nemi izini, musamman wurin mata da yara. Su kuma masu gaggawar ɗaukar gawarwaki su watsa a WhatsApp kafin uwa ta ji labarin ɗanta, su ji tsoron Allah. Wannan cin mutunci ne, ko da wace irin kyamara aka yi shi.

A nan ne aikin ya dawo kanmu marubuta. Hoton da ba shi da suna da wuri da kwanan wata maraya ne. Mu ne ya kamata mu zauna kusa da mai hoto mu rubuta: wane ne wannan, me yake yi, wace shekara, me ya ce. Layi uku a ƙarƙashin hoto sun fi ƙarin gilashi daraja. Kuma kada a bar komai a waya ko a Facebook kawai. Waɗanda suka ga rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 sun san intanet ba rumbu ba ne. A kwafe a memori biyu, a wanke masu muhimmanci a takarda, a kai wa mai hoton nasa.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka haddace sunayen kyamarori ba ɗaukar hoto ba ne. Ga aikin wannan mako ga duk ɗan Anka da Gummi da Bukkuyum, da ma sauran 'yan uwa a ko'ina: ka je wurin mafi tsufan mai sana'a a unguwarku, ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka ɗauke shi yana aikinsa da abin da ke hannunka, ka bar wurin aikinsa ya fito a hoton. Ka rubuta layi biyar a kansa, ka ajiye mana a nan ƙasa. Wanda bai yarda da mu ba, shi ma fili nasa ne, amma ya zo da hotonsa a hannu.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.