Haƙƙin Masu Ceto Yana Wuyanmu

Ranar Litinin, 14 ga watan Agusta 2023, wani jirgi mai saukar ungulu na sojojin saman Nijeriya, samfurin Mi-171, ya tashi daga filin makarantar firamare ta Zungeru ya nufi Kaduna, ɗauke da sojoji 7 masu rauni da gawawwaki 14 na 'yan'uwansu waɗanda 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna; amma Allah bai ƙaddara zai isa ba, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙasar Shiroro ta jihar Neja, matuƙansa biyu da ma'aikatansa biyu suka riga mu gidan gaskiya tare da waɗanda suka je cetowa. Da hedikwatar tsaro ta haɗa lissafin kwanton ɓaunan da na faɗuwar jirgin, sai ta ce an rasa soja 36. Kafin wannan, ranar 21 ga Fabrairu 2021, wani jirgin leƙen asiri ya faɗi a Abuja da mutum 7, yana kan hanyar Minna don taya neman ɗaliban Kagara da aka sace.

Mai yiwuwa manomin Bakori ko na Ƙafur ya ce ina ruwansa da abin da ya auku a jihar Neja. To, ai dajin da ya kewaye Shiroro shi ne ya miƙo ta Birnin Gwari har ya taɓo Sabuwa da Dandume, kuma tun daga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 har zuwa kisan masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, babu lokacin da musiba ta sauka a wannan yanki face mun ɗaga kai sama muna jiran ƙarar jirgi, in ya yi jinkiri mu yi ta zargi, in ya zo kuwa da wuya wani ya tambayi sunan wanda ke cikinsa.

Abin da ya kamata mu fahimta shi ne, aikin ceto ya fi aikin kai farmaki haɗari, domin mai kai farmaki shi ke zaɓen lokacinsa da hanyarsa, alhali mai ceto abokin gaba ne ya riga ya zaɓa masa duka biyun, tun da ya san inda ya bar masu rauni, ya kuma san lalle za a zo ɗaukarsu. Tilas jirgin ya rage gudu, ya sauko ƙasa a fili sananne, ya tsaya har a gama lodi, sa'an nan ya tashi da nauyi. In damina ce kuma, hadari da gajimare su hana shi yin nisa sama, ga shi kuwa wasu 'yan ta'addan sun mallaki manyan bindigogi masu iya kaiwa gare shi. Matuƙin ya san wannan sarai tun kafin ya tayar da inji, ya kuma tafi.

Haka al'amarin yake a ƙasa. Direban da ke fita cikin dare ya kwaso waɗanda aka harbe a kan hanyar Sheme zuwa Yankara ya kai su asibitin Funtuwa, da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da samarin da ke kutsawa cikin masarar da ta fi tsayin mutum don ɗauko gawar maƙwabci a yi mata sutura, duk sana'arsu ɗaya da matuƙan Chukuba, sai dai su ba a kai su maƙabartar sojoji ta Abuja.

Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar cewa ceton ran da ke cikin halaka farilla ce ta kifaya, wadda idan wasu suka tsayu da ita zunubi ya faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi. Ashe ke nan wanda ya rasu a wajen ceto wajibinmu ne ya tafi saukewa, saboda haka marayunsa da gwaurayen da ya bari amana ce a wuyan jama'a baki ɗaya, kuma a ra'ayina zalunci ne matar irin wannan bawan Allah ta yi ta zarya ofis-ofis tana neman haƙƙin mijinta.

Ina roƙon hukuma, duk binciken da aka yi kan faɗuwar jirgin ceto a bayyana sakamakonsa ga jama'a, a biya magada ba tare da ja-in-ja ba, a kuma sa direbobi da 'yan sa-kai cikin lissafi. Ku kuma limamai da dagatai da masu unguwanni na Funtuwa da Malumfashi, ku keɓe wani abu daga zakkar amfanin gona ta bana domin mabuƙata daga iyalansu, ku kuma tona asirin masu tsegunta wa ɓarayin daji motsin masu kawo ɗauki, ko da 'ya'yan cikinku ne.