Naman da ke juyi a motar taco

Ƴan'uwanmu ma'aikata a Amurka sukan ci abincin rana a tsaye, gaban motocin ƴan Meksiko masu sayar da taco, wato fallen gurasar masara da ake naɗe nama da albasa a ciki. Ga araha, ga sauri. Sai dai mu yi hattara da naman nan mai juyi a jikin ƙarfe. Ido zai ce shawarma ne, kuma bai yi nisa ba, domin baƙi ƴan Labanan ne suka kai wannan gashi garin Puebla. Amma da ya zauna can, alade ya maye gurbin rago, ana kiransa "al pastor". Wakensu ma sau da yawa da kitsen alade ake soya shi, ko da babu tsoka ko ɗaya a ciki.