Barin aiki a ƙasar waje kafin wa'adi: wa zai biya kuɗin da aka sa wa hannu?

Tun ranar 1 ga Janairu na 2026 wata doka ta fara aiki a jihar Kaliforniya ta Amurka, wadda ta hana kamfanoni gindaya wa sabon ma'aikaci sharaɗin cewa in ya bar aiki kafin wa'adi sai ya biya su kuɗi, in banda ƴan lokutan da dokar ta ware. Kafin nan, ranar 14 ga Mayu na 2025, Kotun Ƙolin Indiya ta bi wata hanya dabam. Ta ce bankin Vijaya yana da gaskiya da ya karɓi rupi dubu 200, fiye da sefa miliyan ɗaya, daga hannun ma'aikacin da ya koma wani banki bai cika shekara 3 da ya yi alkawari ba.

Maganar ta shafi gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Akwai injiniyan da kamfaninsa ya tura ƙaro ilimi Faransa ya samu aiki mafi tsoka a can, akwai ma'aikaciyar jinya da wani ofishin ɗaukar ma'aikata ya kai waje, akwai kuma direba ko birkila a Saudiyya da Dubai. Da yawansu sun sa hannu a kan sharaɗin “ka zauna ko ka biya”. Wasu na ganin da an tsallake iyaka takardar ta mutu, wasu kuma na ɗaukar ta kamar mari a ƙafa. Duka biyun kuskure ne: takardar tana nan da ranta, amma iyakar abin da take haifarwa bashi ne.

Ba kotun da za ta tilasta wa mutum komawa bakin aikin da ya bari. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 25 ga Satumba na 2012 ta haramta aikin dole, kuma Nijar ce ƙasa ta farko da ta amince, a 2015, da ƙarin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2014 kan wannan batu. Abin da alƙali zai duba shi ne nawa uban gidan ya kashe da gaske.

A Faransa, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙoli ta daɗe da shata iyaka. Sai an sa hannu kafin a fara horon, an rubuta irinsa da tsawonsa da ainihin kuɗinsa da yadda za a mayar. Kuɗin ya zama ƙari ne a kan abin da doka ta riga ta wajabta wa kamfani, kuma kada yawansa ya kai ga hana ma'aikaci ajiye aiki. In laifin rabuwar na kamfani ne, misali ya daina biyan albashi, ba shi da abin nema.

Inda kuɗin ya zama na tsoratarwa, shari'a kan juya wa mai neman. A 2019 wata kotun tarayya a New York ta duba ƙarar ma'aikatan jinya ƴan Filifin fiye da 200, waɗanda aka ɗora wa kowannensu dalar Amurka dubu 25, kusan sefa miliyan 15, in ya tafi kafin wa'adi. Kotun ta soke tarar, ta kuma ce amfani da ita wajen riƙe su ya saɓa wa dokar hana fataucin mutane.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, haɗarin ya fi yawa a takardun zama. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora kuɗin kawo ma'aikaci da na iƙama da izinin aiki a kan mai ɗauka, don haka bai kamata a lissafa su cikin bashi ba. Tun 14 ga Maris na 2021 ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida da makiyaya ba. Wanda ya fice bai bi hanyar hukuma ba, ana iya kai rahoton ya gudu, ya rasa iƙamarsa. A yankin, kotu na iya hana wanda ake bi bashi fita daga ƙasa. A Daular Larabawa kuwa, in mutum ya sauya aiki cikin lokacin gwaji, sabon kamfanin ne doka ta ce ya mayar wa tsohon kuɗin ɗauko shi. Ko inda doka ba ta ce haka ba, babu laifi ma'aikaci ya nemi sabon uban gidansa ya ɗauki nauyin, a rubuce.

Saura tambayar da ta fi damun iyaye: za a iya biyo kuɗin har gida? Hukuncin kotun waje ba ya aiki kai tsaye a Nijar. Sai mai bin bashi ya zo gaban kotun ƙasa ya nemi izinin zartar da shi, abin da ke cin lokaci da kuɗin lauya, shi ya sa kamfanin waje ba kasafai yake wahalar da kansa a kan ƙaramin kuɗi ba. Amma in a Yamai aka sa hannu, da kamfani ko ofishin da ke nan, ƙara a nan za a shigar, kuma ba sai an jira ɗan da ke waje ya dawo ba muddin wani ya tsaya masa.

Nan ne gizo ke saƙar. A dokar lamuni ta OHADA, wadda aka sabunta a 2010 kuma take aiki a Nijar, ana ɗaukar wanda ya tsaya wa wani a matsayin mai ɗauke da bashin tare da shi, sai in an rubuta akasin haka. Ke nan uba ko kawun da ya sa hannu don yaro ya samu tafiya, shi za a tunkara, har ta kai ga kanti ko fili. Dokar ta ba shi kariya: sai ya rubuta da hannunsa, da haruffa da lambobi, iyakar kuɗin da ya lamunta. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗauka.

Alkawari kaya ne, kuma ranar sa hannu ake auna nauyinsa. Kafin a sa, a nemi jerin abin da aka kashe dalla-dalla, a tabbatar kuɗin yana raguwa gwargwadon watannin da aka yi ana aiki, a duba kotun wace ƙasa takardar ta ambata, kowa kuma ya riƙe kofinsa. Wanda ya riga ya sauya aiki kuma wasiƙar neman kuɗi ta iso, shiru ba zai fisshe shi ba, domin ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Gara ya amsa a rubuce, ya nemi rasit na kowane abu, ya kai takardar wajen lauya ko ofishin sufeton ƙwadago kafin shi ko mahaifinsa su biya ko dala ɗaya.