Tallafin Bolin: Adashin da Ba Kowa Ke Kwasa Ba

A Amurka an daɗe ana yayata wata magana har ta zauna a zukatan iyaye: wai ka sa ɗanka wasan bolin tun yana sakandare, wasan zai biya masa kuɗin jami'a. Ni dai ban yarda ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce mai nauyin da ya kai laba 16, ana gangara ta a kan dandamalin katako mai tsawon ƙafa 60 don ta kayar da wasu 'yan tabare goma. Ba wasan nake rainawa ba. Wanda ya taɓa ganin yarinya ta share tabaren nan sau goma sha biyu a jere, ta ci maki 300, ya san akwai gwaninta. Rigimata da kalmar "tallafi" ce.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Hukumar wasan ta ƙasa, USBC, tana da asusu mai suna SMART, inda ake ajiye wa yaro abin da ya ci a gasa har ya shiga jami'a. To amma kaso mai tsoka na wannan kyauta daga kuɗin shiga gasa yake fitowa, wato daga aljihun iyayen da suka kawo 'ya'yansu. Adashi ke nan, sai dai a adashin gaskiya kowa na da ranar kwasa. A nan kowa ya zuba, kaɗan su kwashe, sauran su koma gida da rasit. Kuma kuɗin na da wa'adi. In yaro bai yi karatu da shi ba, ya wuce hannunsa.

Su wa ke kwasa? 'Ya'yan masu hali. Ana shafa wa dandamalin mai, kuma salon shafin na canjawa daga gasa zuwa gasa, don haka ɗan wasan kirki ba ya zuwa da ƙwallo ɗaya. Za ka gan shi yana jan jaka mai taya, ƙwallaye uku ko huɗu a ciki, kowace an huda ta daidai yatsunsa. Ga takalmi, ga koci, ga man mota da kuɗin otal. Ɗan direban tasi da ke aron ƙwallon gidan wasa ya sha kaye tun kafin ya yi jifa.

A jami'a ma lissafin bai canja ba. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara gasar bolin a 2004, Nebraska ta lashe, kuma mata zalla ce, albarkacin dokar daidaiton maza da mata ta 1972. Maza ba su da gurbi a can. A da kuwa, shekara da shekaru ƙa'idar ita ce gurbin tallafi biyar kacal ga ƙungiya, a yayyanka shi kamar naman layya.

Na sani, za a ce mini Maryland Eastern Shore, jami'ar baƙar fata, ta ci kofin a 2008 da 2011 da 2012, kuma 'yan mata sun yi digiri ta wannan hanya. Haka ne, madalla da su. Amma 'yan mata nawa ne a ƙungiya guda?

Iyaye, in yaronku na son bolin, ku bar shi ya yi don daɗinsa. Kuɗin karatunsa kuwa ku tara masa a asusun da ba sai ya kayar da kowa zai taɓa ba.