Inuwar Kurmi, Na Nesa Ka Sha Ta

Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa inuwarta na nesa ka sha. To, akwai wata inuwar da ta fi ta giginya kaiwa nesa, watau inuwar kurmin ƙasar Yarbawa. Goron da ake rabawa wurin ɗaurin aure a Katsina, ko ran suna a Sakkwato, ko wanda ake miƙa wa malami sadaka a Zariya, mafi yawansa a ƙarƙashin wannan inuwa ya fara rayuwa. Haka kuma faffaɗan ganyen nan da ake naɗe shi a ciki har ya iso Arewa bai bushe ba. A wannan mako filin zai duba waɗannan tsirrai biyu na inuwa, da garin da suka kafa wa Hausawa a bakin Ikko, watau Agege, da kuma abin da ke jiransu in inuwar ta ƙare.

Shi dai goro itacen kurmi ne. Yana ƙarami ba ya jimirin zafin rana, shi ya sa manoma suke dasa shi a gindin ayaba ko a tsakanin itatuwan koko har ya yi ƙarfi. Wanda aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara shida ko bakwai kafin ya fara 'ya'ya, amma in ya kama yakan daɗe har jikokin mai shi su ci moriyarsa. Iri biyu ne suka fi shahara a Nijeriya. Akwai mai ɓari biyu, wanda shi ne Hausawa suka fi so, akwai kuma mai ɓari uku zuwa shida, wanda Yarbawa suke kira abata, suke kuma amfani da shi a al'adunsu. Mai ɓari biyun Yarbawa suna ce masa gbanja, kuma mai karatu zai ji kalmar Gwanja a cikin wannan suna.

Dalili kuwa shi ne, a da can ba a noma irin wannan goro da yawa a ƙasar Yarbawa. Daga kurmin Ashanti yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Can fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke zuwa da ayarin jakuna ƙarƙashin madugu, tafiyar da kan ci watanni shida har zuwa shekara kafin a dawo gida. Labarinsu yana cikin littafin da Paul Lovejoy ya rubuta a kan fataucin goro, wanda Maɗabar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a Zariya cikin 1980. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi cikin 1874, sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa ta. Daga nan hanya ta sake. Aka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, kuma marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan sabuwar hanya a farkon ƙarni na 20.

Jirgin ƙasa shi ya kawo Agege cikin wannan labari. Hanyar dogo da ta tashi daga Ikko ta ratsa ta Agege, ta isa Badun cikin 1901, aka kuma haɗa ta da Kano cikin 1912. A daidai wannan zamani wasu 'yan bokon Ikko suka buɗe manyan gonaki a Agege da Ifako, babbansu shi ne Jacob Kehinde Coker, suka kafa ƙungiyar manoman Agege cikin 1907. Koko suka fi mai da hankali a kai da farko, amma suka dasa goro mai ɓari biyu shi ma, ya kuwa karɓi ƙasar. 'Yan ƙodagon da suka zo aiki daga cikin ƙasar Yarbawa suka riƙa komawa garuruwansu da irin. Da goro ya samu a gindin tasha, sai Bahaushe ya ga ba shi da sauran dalilin zuwa Gwanja. Fatake suka sauka, masu gida suka kafa masauki, dillalai da masu ɗaurin huhu suka biyo baya, aka yi masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa. Unguwar Zango ta Agege ke nan. Daga baya aka sami irinta a Ifo da Shagamu da sauran garuruwan da goro ya bazu.

Amma fa goro ba ya tafiya tsirara. In iska ta buge shi sai ya yamutse ya yi tauri, in kuma ya yi gumi a rufe sai ya ruɓe. Saboda haka tun zamanin ayari ake shimfiɗa wa kwando ko huhu ɗanyen ganye, a jera goro, a rufe, a ɗaure. Lokaci lokaci a kwance, a tsince wanda sankara ta kama, a sake sabon ganye. Da wannan dabara ne ake ajiye goro har ya zama ɗaushe. Wasu sukan ce ganyen goro kurum, dattawan sana'ar kuwa su ce fita. Ba daga tsiro guda ake samunsa ba, amma yawanci 'yan gida ɗaya ne masu faffaɗan ganye da ke fitowa a ƙasa mai danshi cikin duhun kurmi.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne wanda Yarbawa suke kira ewe eran, ganyen da suke ƙunsa alala da shinkafar Ofada a ciki. Kowane ganye yana tsaye a kan doguwar sanda da kan wuce tsawon mutum, matan Ogotun a Jihar Ekiti kuma suna saƙa tabarma da sandar. Furensa a gindi yake fitowa daf da ƙasa, inda mai wucewa ba zai lura ba, ya zama jan ɗa mai kusurwa uku. Wani likitan soja Bature, W. F. Daniell, ya ba da bayanin ɗan cikin 1855, shi ya sa masana suka sa wa tsiron suna Thaumatococcus daniellii. Cikin 1972 masu bincike a ƙasar Holan suka fitar da wani sinadari daga cikinsa mai zaƙi kamar ninki 2,000 na sukari, wanda har yau kamfanonin abinci a Turai da Japan suke amfani da shi. Abin da ya kamata a riƙe game da wannan tsiro shi ne yadda yake yaɗuwa. Yana da ƙwaya, amma ya fi dogara ga saiwarsa da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ta citta, tana tohowa nan da can. Tafiyarsa ke nan, taƙi taƙi, kuma inda inuwa ta tsaya nan shi ma yake tsayawa.

Domin a fahimci abin da irin wannan rayuwa take nufi, yana da kyau a dubi wata 'yar ciyawa ta dazuzzukan Turai wadda masana suka daɗe suna nazari. Sunanta a wurinsu Circaea, sunan da Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tabbatar mata cikin 1753. An ɗauko shi daga wata matsafiya ta tatsuniyoyin Girkawa da aka ce ta mai da matafiya aladu. Mutanen Ingila ma suna kiranta da wani suna mai jingina ta ga matsafa da kuma dangin zaƙami, alhali kuwa ba ta haɗa komai da zaƙami ba. Tsawonta ba ya wuce ƙafa biyu, furanninta farare ne ƙanana masu kunne biyu, 'ya'yanta kuwa suna da 'yan ƙugiyoyi da ke maƙalewa a tufafi da gashin dabba kamar ƙarangiya.

Akwai iri biyu da suka shafi wannan bayani, ɗaya ta dazuzzukan kwari, ɗaya ƙarama ta tsaunuka masu sanyi. Inda suka haɗu sukan yi barbara, su haifi ruwa-biyu wadda ake kira Circaea intermedia. Ita wannan 'yar tamkar alfadari take. Tana da ƙarfi, tana yin fure, amma 'ya'yanta suna zubewa tun ba su nuna ba, saboda haka ba ta da ƙwayar da dabba za ta ɗauka ta kai wani daji. Da saiwa kaɗai take rayuwa. Duk da haka, kamar yadda Peter Raven, wani masanin tsirrai Ba'amurke, ya nuna cikin binciken da ya buga a 1963, ta fi uwarta ta tsauni yaɗuwa a tsibiran Birtaniya nesa ba kusa ba. Har a Ailan ana samunta, inda ba a samun uwar ko kaɗan. Masana suna ganin a zamanin da ƙasar ta fi sanyi uwar ta taɓa mamaye waɗannan wurare, da zafi ya ƙaru ta janye, ta bar 'yar tana riƙe da gurbi shekaru aru aru. Muddin dajin yana tsaye tana nan. In aka sare shi aka nome wurin, ba ta da hanyar dawowa, sai fa in ruwa ko mutum ya ɗauko guntun saiwarta ya kawo.

Goro ma yana da tasa matsalar haihuwa. Masu bincike a Nijeriya sun gwada aurar da gbanja da abata, aka sami itatuwa masu fure da yawa amma ba su cika ɗaukar 'ya'ya ba. Ko a tsakanin gbanja zalla, itatuwa da yawa ba sa karɓar barbarar kansu, sai an dace da maƙwabcin da jininsu ya haɗu. Wannan ne ya sa akan ga gona cike da manyan itatuwa amma amfanin kaɗan. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Badun, wadda aka kafa cikin 1964, an ɗora mata alhakin binciken goro, kuma tana samar da dashe daga itatuwan da aka tabbatar suna haihuwa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro, amma yawancin itatuwan tsofaffi ne, samarin ƙauye kuma ba su da haƙurin jiran shekara bakwai.

Agege ita kanta ta ishi mai hankali misali. Ana ba da labari cewa sunan garin ya samo asali ne daga kalmomin Yarbanci masu nufin masu saran itace. Ko haka ne ko ba haka ba, saran ya kai ƙarshe. Filayen da Coker da abokansa suka dasa wa koko da goro sun zama gidaje da kasuwanni da tituna, ƙidayar 2006 kuma ta sami mutum fiye da 450,000 a ƙaramar hukumar. Zango tana nan, ana cinikin goro, amma kayan daga jihohin Ogun da Ondo da Osun da Ekiti ake kawo shi, ganyen ma haka. Da ganye ya yi nisa ya yi tsada, sai wasu 'yan kasuwa suka koma shimfiɗa leda a buhu. Leda kuwa ba ta numfashi, goro yakan yi gumi a cikinta, in an gama da ita kuma ta je ta toshe magudanar ruwa.

Sai ga shi zamani ya juyo. Cikin watan Janairu na 2024 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana amfani da farin mazubin abincin nan mai kama da soso da ake yarwa bayan an ci, daga ran 1 ga Yuli 2025 kuma ta fara zartar da hani a kan wasu robobi da ledoji marasa kauri. Mai alala da mai shinkafa da aka raba da roba, ganye za su nema, kuma shi ne ganyen da mai huhu yake bukata. Masu nema suna ƙaruwa, kurmin da ke ba da shi yana raguwa.

Gyaran ba mai wuya ba ne, domin tsiron da ke tafiya da saiwa dasa shi ake yi, kuma manoma a Ekiti da Ondo sun riga sun saba dasa wannan ganye a gindin koko da goronsu. Gona guda sai ta ba da amfani biyu, ganyen yana kawo kuɗin cefane tun kafin goro ya fara 'ya'ya. Ya kamata shugabannin 'yan goro na Agege da Shagamu da Ifo, tare da Sarakunan Hausawa, su zauna da manoman da suke saye a hannunsu, su sa sharaɗin sabon dashe cikin kuɗin da suke ba da bashi kafin kaka. Ya kamata kuma ma'aikatun gona su kai dashen cibiyar Badun har ƙauye. A Arewa ma akwai guntayen kurmi da ke bakin rafuka a kudancin Jihar Kaduna da ƙasar Nupe, inda goron Labozhi ya yi suna tun zamanin sarakuna, kuma su ma gatari da wutar daji suna cin su.

An saba cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ya ci, Ibo ya girmama shi. In haka ne, mai ci ya fi kowa dalilin tambayar lafiyar itacen, tun da shi ne zai fara jin tsadar ƙwarya a ranar ɗaurin auren 'yarsa. Allah ya ba shugabanni da manoma ikon duba wannan al'amari tun da sauran inuwa.