Kambun dare ɗaya

Daga 2008 zuwa 2016 kamfanin MTN ya ɗauki nauyin gasar waƙa ta Project Fame, aka naɗa zakaru tara. Je ka kasuwar Achida ka tambayi samarin da ke tura waƙoƙi a waya, in sun kawo maka suna biyu, Iyanya da Chidinma, sun yi ƙoƙari. Shi kansa Iyanya, da ya ci ta farko, sai a 2012 ya samu waƙar da ta karɓu, Kukere. Sauran an ba su mota da kuɗi da kwangilar faifai, aka kashe fitilu.

Ni dai ban ga laifin yaran ba. Gasar an shirya ta ne don a tara 'yan kallo, a sayar da talla da saƙonnin zaɓe. Yaro ya yi makonni yana rera waƙoƙin wasu, ran da aka ce ya kawo tasa sai a tarar ba shi da ko ɗaya, kamfani kuma ya koma neman sabuwar fuska.

Mu a ƙasar Sakkwato mun san wata hanya. Musa Ɗankwairo ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa kafin ya ja ragama, ya san kiɗa, ya san fada. Ya rasu a 1991, amma hau motar Wurno ko Goronyo gobe, da wuya ka sauka ba ka ji muryarsa ba.

Masu son kawo irin wannan gasa Arewa su fara gaya mana wa zai riƙe yaron bayan an watse.